Sanayya, Shaida da Sabo: Matsalar Neman Aiki a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Bisa ga ƙidayar jama'a da aka yi a 2006, Birnin Kudu da Gwaram su ne suka fi yawan mutane a cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa. Ta farko tana da mutum sama da 300,000, ta biyu kuwa sama da 270,000. Maƙwabtan juna ne a kudancin jihar, a cikin Masarautar Dutse, kuma dukansu biyu sun yi iyaka da Jihar Bauchi. Galibin mutanensu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, amma ilmin boko ba baƙo ba ne a wurinsu, domin kuwa Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin tsofaffin makarantun Lardin Kano na da. A kowace shekara samari da 'yan mata na wannan yanki suna komowa gida ɗauke da takardun shaida daga Dutse da Gumel da Kafin Hausa da Kano da Zariya. Da an gama yi musu barka, sai tambayar nan da ba mai son ji ta biyo baya: to, ina batun aiki?

Shawarar da irin wannan matashi yake samu a yau yawanci ta wayar hannu take zuwa masa, kuma cikin Ingilishi. Akan ce masa ya ƙulla hulɗa da mutane, ya fitar da kansa a san shi da wani abu, sa'an nan ya bi abin da ransa yake so. Idan ya auna waɗannan da tunanin Bahaushe, sai ya ji na farko tamkar kamun ƙafa ake nufi, na biyu fankama, na uku kuwa gata ne na 'ya'yan masu hali waɗanda ba a jiran su da cefane. Saboda haka ko dai ya watsar da shawarar baki ɗaya, ko kuma ya ɗauke ta a karkace. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne Hausawa sun daɗe da sanin abubuwan nan uku a fagen fatauci da sana'a, suna kiran su sanayya da shaida da sabo, kuma sun gindaya musu sharuɗɗan da masu shawarar waje ba su cika ambata ba.

Asalin zaman jira

Ya kamata a fara da sanin inda aka samo ɗabi'ar nan ta zaman jiran aikin gwamnati, don kuwa ba lalaci ne ya haife ta ba. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa. Masu ilmin boko a lokacin 'yan ƙalilan ne, saboda haka aiki ne yake neman mutum. Yaron da ya fito daga midil ko sakandare yakan tarar En'e ko gwamnati tana jiran sa. Al'amarin ya ƙara armashi da kuɗin man fetur ya shigo. Aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, wanda ya buƙaci dubban malamai cikin gaggawa. A wannan zamani iyayen yau da kakanni suka buɗe ido, suka kuwa riƙe darasinsa da kyau, watau takarda ita ce aiki.

Wannan lissafi ya fara warwarewa tun daga tsuke bakin aljihu na farkon shekarun 1980 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986. Ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 ya buɗe sababbin ofisoshi a Dutse, kuma wannan yanki bai zama ɗan kallo ba wajen mulki, tun da yake gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, da Sule Lamido na Bamaina wanda ya riƙe jihar daga 2007 zuwa 2015, duk 'yan ƙasar Birnin Kudu ne. Amma ofis ba ya hayayyafa kamar yadda makaranta take yaye ɗalibai. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka buɗe jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, ban da kwalejojin ilmi da na fasaha da na kiwon lafiya, alhali kujerun sakatariya ba su ƙaru daidai da haka ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna neman abincinsu ne a wajen tsarin ofis da kamfani, masu karɓar albashi kuwa ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba.

An ga abin da ke faruwa idan jama'a suka nufi ƙofa ɗaya ranar 15 ga Maris 2014, sa'ad da Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki fiye da rabin miliyan zuwa filayen wasa don guraben da ba su kai 5,000 ba, bayan kowa ya biya naira 1,000. Mutane fiye da goma suka mutu a turmutsitsi. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu a kan sayar da guraben aiki na tarayya, inda aka ji akan biya naira miliyan ɗaya ko fiye don takardar ɗaukar aiki. A ƙauyen Gwaram ko na Birnin Kudu irin wannan kuɗi ba daga banki yake fitowa ba. Sa ake kaiwa kasuwa, ko a jinginar da gona, ko uwa ta sayar da abin da ta tara, kuma ba abin da ya hana takardar da aka saya ta zama ta jabu.

Sanayya

Kalmar sanayya ta sha wahala a bakin mutane, har ta kai in an ce wane ya sami aiki da sanayya, abin da ake nufi shi ne bai cancanta ba. Asalinta ba haka yake ba. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja babu banki, babu kuma alƙalin da hukuncinsa ya ratsa daga Kano zuwa Salaga, amma duk da haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna ɗaukar dukiya mai yawa su yi tafiyar watanni. Abin da ya riƙe cinikin shi ne a kowane babban zango akwai mai masauki, watau fatoma ko maigida, wanda ya san baƙo ya kuma san ɗan gari, ya tsaya a tsakaninsu. Wani masanin zamantakewa daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga wannan tsari da idonsa a cinikin shanu. Falke yakan kawo garke daga Arewa ya sauka a gidan maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, ba tare da an sa hannu a wata takarda ba. In mahauci ya gaza biya, maigida ne ke da alhakin kuɗin falke. Don haka babban aikin maigida shi ne ya san wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne kuma ya fara tangaɗi.

Abin lura a nan shi ne wanda ya gabatar da mutum ya ɗauki lamuninsa ke nan. A nan ne sanayya ta rabu da kamun ƙafa. A kamun ƙafa, babban mutum yana tura yaro wurin da shi ba zai yi asarar komai ba in yaron ya kasa. Asarar ta jama'a ce, ta ɗaliban da aka ba malamin da bai iya ba, ta majinyatan da aka bar wa wanda bai san aikinsa ba. A sanayya ta gaskiya kuwa, mai gabatarwa nasa mutuncin ya jinginar, saboda haka ba ya tsaya wa mutum sai ya san shi da wani abin kirki. Matashin da ya gane wannan zai daina tambayar kansa wa ya sani, ya koma ga tambayar da ta fi wuya, watau wa zai yarda ya sa sunansa a kan nasa.

Akwai kuma wani abu game da sanayya wanda bincike ya fito da shi, wanda da farko mutum zai ji kamar ya saɓa wa hankali. Wani Ba'amurke mai suna Mark Granovetter ya tambayi ma'aikata 282 a wani gari kusa da birnin Boston yadda suka sami aikinsu, ya buga sakamakon a 1973 da 1974. Fiye da rabinsu ta bakin wani mutum suka ji labarin aikin. Amma da ya bi diddigin ko wane irin mutum ne wannan, sai ya tarar kimanin kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke ganin sa a kai a kai. Sauran duk mutane ne da akan haɗu da su jifa-jifa, ko ma da ƙyar sau ɗaya a shekara, kamar tsohon abokin makaranta ko wanda aka taɓa yin aiki tare. Mutanen da ya tambaya ba su da yawa, amma a 2022 aka buga wani gwaji da aka yi a kan masu amfani da dandalin LinkedIn fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, ya kuwa tabbatar da maganarsa, tare da ƙarin cewa wanda aka ɗan sani ya fi amfani a kan amini, ya kuma fi wanda ba a sani ba sam. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aminin mutum inda yake shiga nan yake shiga, abin da ya ji shi ya ji. Sabon labari a wurin na nesa yake.

In aka dubi zaman samari a Birnin Kudu ko Gwaram da wannan ido, za a ga inda gizo ke saƙa. Kusan kowane saurayi yana da majalisa, inda ake shan shayi ana gardamar ƙwallon Turai da siyasa. Majalisa tana da amfaninta, ita ke kai mutum asibiti, ita ke tsaya masa ranar ɗaurin aure. Amma mutum goma da ke zama a benci ɗaya kullum labari ɗaya suke da shi, kuma in tara daga cikinsu ba su da aiki, abin da za su ƙara wa na goma shi ne yaƙinin cewa babu aiki a duniya. Wanda ya san inda ake neman mai riƙe lissafin buhuna shi ne direban da ke lodi a kasuwar Sara. Wanda ya san makarantar kuɗi da malamin lissafinta ya tafi shi ne malamin da ya duba mutum lokacin gwajin koyarwa. Wadda ta san watan da za a ɗauki ma'aikatan wucin gadi ita ce ma'aikaciyar jinyar nan ta Asibitin Tarayya na Birnin Kudu da aka gaisa da ita a gidan suna. Zaman yankin a bakin iyaka ma wata dama ce da ba a cika lura da ita ba, don kuwa ɗan Gwaram yana da kasuwanni da dangi a ɓangaren Bauchi kamar yadda yake da su a ɓangaren Kano da Dutse.

Makarantar kwana ita ce babbar masaƙar irin wannan sanayya, domin ita ke haɗa ɗan ƙauye da ɗan birni a ɗaki ɗaya har shekara biyar ko shida. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Birnin Kudu suna da ƙungiyarsu mai suna BIKOBA, kuma wanda aka fi ambata a cikinsu shi ne Alhaji Aliko Dangote, wanda ya yi karatu a can a shekarun 1970. Masu ba da shawara suna son kafa misali da shi, sai dai akwai gefen labarin da ba su cika faɗi ba. Ta wajen uwa shi jinin Alhassan Dantata ne, Ba'agalen da ya yi arziki a fataucin goro da cinikin gyaɗa ya rasu a 1955, kuma jarinsa na farko rance ne daga dangi. Watau ya tarar da sanayyar da aka yi zuriya uku ana ginawa. Ɗan manomin Basirka ko Kantoga bai tarar da wannan ba, kuma yaudara ce a ce masa himma kaɗai ce ta raba su. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙulla tasa da kansa, kuma babu inda ya fi makaranta da sansanin hidimar ƙasa arhar yin haka.

Yadda ake ƙulla ta kuwa, Bahaushe ya riga ya faɗa, zumunci a ƙafa yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɓace shekara biyar, ranar da zai bayyana kuma sai ga shi da takardu a cikin ambulan. Wanda aka zo wurinsa yana hango ambulan ɗin ya san zancen, ya kuma shirya amsarsa ta "to, za a duba". Roƙon aiki yana jefa wanda aka roƙa cikin kunya, don sau da yawa ba shi da abin da ake roƙo. Tambaya kuwa kusan kowa yana da amsarta, kuma yana jin daɗin a yi masa ita: yaya aikin nan yake, me ake dubawa wajen ɗauka, wane wata ake buɗewa, wa kuma ya kamata a gani. Matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan ladabi ne a koma a gaya wa mutum abin da ya biyo bayan shawararsa, ko an samu ko ba a samu ba. Kaɗan ne suke yin haka, shi ya sa ba a mantawa da wanda ya yi.

Mace ba ta da majalisa a bakin titi, amma kada a ɗauka ba ta da hanya. Al'adar biki, inda mace take riƙe lissafin abin da ƙawa ta kawo mata don ta mayar da fiye da shi ranar nata sha'anin, da kuma adashi, duk makarantu ne na riƙon amana da matan Hausawa suka ƙware a kai tun kafin zuwan boko. Abin da ya ƙaru a yau shi ne wadda ta fito daga makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu ko sakandaren 'yan mata ta Gwaram tana iya riƙe 'yan ajinta a WhatsApp ko da aure ya kai ta Haɗeja ko Kaduna. Abin takaici shi ne sau da yawa irin wannan zaure ba ya wuce sanarwar biki da ta'aziyya.

Shaida

A 1997 wani marubucin harkar kasuwanci a Amurka, Tom Peters, ya yaɗa ra'ayin cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa tamkar haja mai tambari, ya tallata kansa kamar yadda kamfani yake tallata sabulu. Wannan magana tana da nauyi a kunnen Bahaushe, wanda aka rene shi da cewa yabon kai jahilci ne. Yaron da aka hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, in aka zaunar da shi gaban masu ɗaukar aiki aka ce ya faɗi abin da ya iya, sai ya ce "to, ana dai taɓawa". Su kuwa su rubuta cewa bai iya ba.

Amma al'adar ba ta hana yabon kai baki ɗaya ba. Ɗan dambe yana yi wa kansa kirari, maharbi yana yi, ɗan tauri yana yi, ba wanda ya ce musu jahilai. Dalili kuwa shi ne a bakin fage suke yi, inda za a gwada maganar nan take. Yabon da aka ƙi shi ne wanda ba gwaji a bayansa. Takardar bayanin kai da ake haɗawa da takardar neman aiki kirari ce, kuma halal ce muddin kowane layi a cikinta abu ne da za a iya cewa "to, yi mu gani". Wanda ya rubuta cewa shi mai himma ne, mai son ci gaba, bai faɗi komai ba, don kowa haka yake rubutawa. Wanda ya rubuta cewa ya koyar da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare zango biyu, ko ya riƙe littafin shiga da fitar kaya na wani shagon taki damina guda, ga kuma sunan wanda za a tambaya, ya ba mai karatu abin kamawa.

Sauran aikin kuma bakin mutane ne ke yin sa. A 1974 aka buga laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya lissafa halaye goma, ya fara da gaskiya da amana. Ba mamaki da ya fara da su, don su ne maigida yake tambaya kafin ya miƙa wa yaro mabuɗin shago. A gari kamar Gwaram ko Birnin Kudu ba a buƙatar dogon bincike. Kafin la'asar an san ko ɗan wane ne, wa ya taɓa ba shi aike, ko ya dawo da canji. Wuraren da ake tara irin wannan shaida kuwa su ne waɗanda ɗalibai suka fi rainawa: watannin koyon aiki a ma'aikata, gwajin koyarwa, shekarar hidimar ƙasa, da ayyukan wucin gadi masu ƙaramin alawus. Shirin J-Teach da aka fara a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar misali ne a kusa. Matasa da yawa sun ga kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma da gwamnatin Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta tashi ɗaukar malamai na dindindin, daga cikin 'yan shirin ta ɗauki kimanin 3,000.

A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Masu zanen sun shuɗe, ba wanda ya san sunansu, zanen yana nan. Mutumin wannan gari bai kamata a yi masa dogon bayanin karin maganar nan ta hali zanen dutse ba. Abin da ya kamata a tuna masa shi ne yanzu an sami sabon dutse. Matasa da yawa sun shiga aikin sojan baka a Facebook, suna zagin wanda bai san da su ba don a tura musu kuɗin kati. Zaɓe yakan wuce, 'yan siyasa su shirya da juna, su ma sauya jam'iyya tare, amma rubutun yana nan da sunan yaron da hotonsa, kuma mai ɗaukar aiki yana da waya kamar kowa.

Sabo

Batun bin abin da rai yake so shi ne ya fi nisa da rayuwar wannan yanki. A da, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a bakin zuga yake tashi, ɗan wanzami da zabira, ɗan mahauci a mahauta, ba a tambayar kowa ra'ayinsa. Wannan tsari yana da zaluncinsa, kuma yana cikin alherin boko da ya sassauta shi. Sai dai tilas ba ta ƙare ba, kama ta sauya. Yau makin jarrabawar shiga jami'a da yawan gurabe su ke zaɓa wa yaro fanni. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin ɗaliban sassan Hausa aikin lauya suka nema tun farko.

A 2018 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Paul O'Keefe da Carol Dweck da Gregory Walton, suka buga wani bincike da ya shafi wannan. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu sun nuna wa ɗalibai ɗan gajeren fim mai ƙayatarwa a kan sararin samaniya, kusan kowa ya ce abin ya ba shi sha'awa. Sa'an nan suka ba su rubutu mai wuya a kan batun. Waɗanda suka ɗauka sha'awa aba ce da ake haihuwar mutum da ita, sai dai ya gano ta, su ne suka fi saurin sarewa, don sun ɗauki wahalar a matsayin alamar cewa ba nan rabonsu yake ba. Waɗanda suka ɗauka sha'awa raino ake yi ba su sare haka ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ko garejin bakanike ya san wannan ba tare da an gaya masa ba. Shekarar farko ta ɗan koyo shara ce da aike da miƙo sifana. Daɗin sana'a ba ya zuwa sai hannu ya faɗa, ranar da aka kawo injin da ya gagari wani ya tashi a hannunsa. Gwamnatin tarayya ma a kan wannan tsohon tsari ta gina shirin koyon sana'a na Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1987, inda ake tura matasa wurin masu sana'a.

Wannan ba ya nufin mutum ya dawwama a abin da yake ƙi. Abin da yake nufi shi ne ba a yanke wa sana'a hukunci daga kan benci. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo, waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje, kuma tsakanin manomin ƙauye da ɗan kasuwar Dawanau a Kano akwai ayyuka masu buƙatar wanda ya iya karatu: awo, tantance tsabtar kaya, riƙe lissafi, ajiya, cinikin mota. Mai digirin da ya yi kaka biyu yana bin wani dillalin riɗi zai san ko yana son harkar ko ba ya so, zai kuma fito da lambobin mutum hamsin da ba 'yan majalisarsu ba.

Shi ma ɗalibin Hausa da ya shigo sashen yana ƙunƙuni, yakan kai aji uku kafin ya lura da faɗin fagen da ya faɗa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga gidajen rediyo na Dutse da Kano da Bauchi, ga masu shirya fim, ga hukumomin lafiya da na noma da kullum suke neman mai juya musu saƙo zuwa harshen da manomi zai gane. Tun da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, kamfanonin kwamfuta ma suna neman masu gyara musu Hausa. A irin waɗannan wurare akan miƙa wa mai neman aiki labari cikin Ingilishi a ce ya juya shi cikin 'yan mintoci, kuma abin da mai dubawa yake fara kai ido a kai shi ne raba kalma da haɗa ta, da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, watau darasin nan na ƙa'idojin rubutu na aji ɗaya wanda ɗalibai suka fi gudu.